Wuƙar Girkin Japan: Yadda Za Ka Zaɓi Ƙarfenta, Ka Wasa Ta, Ka Tsare Ta Daga Tsatsa

Abin da ya bambanta wuƙar girkin Japan da sauran wuƙaƙe shi ne taurin ƙarfen bakinta. Maƙeran can suna kai shi 60 zuwa 65 a ma'aunin tauri na Rockwell, wanda za ka ga an rubuta HRC a jikin kwali, alhali wuƙaƙen Jamus da aka saba gani a manyan otal suna tsayawa wajen 56 zuwa 58. A ido tazarar ba ta da yawa, amma a hannu kowa zai ji ta. Ƙarfe mai tauri yana yarda a sirantar da bakinsa ƙwarai ba tare da ya lanƙwashe ba, kuma yana daɗewa bai dakushe ba. Sai dai tauri tafe yake da gautsi. Kwanon silba idan ya faɗi lotsewa yake yi, tangaran kuwa ɓallewa, to haka abin yake tsakanin wuƙa mai taushi da mai tauri idan suka gamu da ƙashi. Duk shawarar da za ta biyo baya daga nan ta taso.

Fara da duba abin da kake yankawa

Kafin ka nemi sunan wata wuƙa, zauna ka tuna aikin da wuƙarka take yi a mako guda. A gidajenmu wuƙa ɗaya ce take yanka albasa, ta sare ƙafar sa, ta fasa daskararren kifi, ta ɓare doya, wani lokacin ma a buɗe gwangwanin tumatir da tsininta. Wuƙar Japan ba za ta ɗauki wannan ba. Ƙashin sa ko na rago, cinyar kazar gida, daskararren nama, kan busasshen kifi, duk waɗannan giɓi za su yi mata tun a ranar farko. Ka bar musu barho ko addar da ka saba. Ita wannan ta albasa ce, da tumatir, attarugu, kabeji, karas, tsokar nama da ɗanyen kifi. Kabewa da doya tana iya yanka su, amma da sharaɗin ta sauka a miƙe, kada a murɗa ta idan ta cije a ciki.

Akwai kuma al'adar yanka a hannu, yadda ake dunƙule alayyafo ko a riƙe kuɓewa ana jawo wuƙa zuwa babban yatsa. Da wuƙar kasuwa mai matsakaicin kaifi ana tsira. Da wannan kuwa ba na ba kowa shawarar ya gwada, domin bakin da ke ratsa fatar tumatir ba tare da an danna ba haka zai ratsa yatsa. Idan a gidan ba a shirya komawa yanka a kan katako ba, gara a fasa sayen tun yanzu.

Sai ka zaɓi siffa

Wuƙaƙen Japan gida biyu ne. Na asali su ne masu kaifi ta gefe ɗaya: fuskar dama an zaftare ta zuwa baki, fuskar baya kuma an yi mata ɗan kwarmi marar zurfi. Uku ne fitattu a cikinsu. Yanagiba doguwa ce siririya, milimita 240 zuwa 330, da ita ake yanka ɗanyen kifin sashimi a ja guda, daga gindin wuƙa zuwa tsini, ba a kai-da-komo, don kada naman ya dagargaje. Deba gajera ce mai kaurin doro, da ita ake cire kan kifi a raba tsokarsa da ƙaya. Mutane da yawa suna ganin kaurinta su ɗauka ta sarar ƙashi ce, ba haka ba ne, iyakarta ƙayar kifi. Usuba kuma ta kayan lambu ce, da ita masu koyon girki a Japan suke shafe watanni suna feraye farin tushen daikon ya zama dogon zani ɗaya da ake hango haske ta cikinsa. Waɗannan ukun na masu sana'a ne. Suna karkacewa gefe guda a cikin abin da ake yankawa har sai hannu ya saba, kuma bahago dole ya nemi tasa ta daban, wadda galibi ta fi tsada.

Gida na biyu su ne masu kaifi ta gefe biyu, irin wanda muka sani. Gyuto ta samo asali ne daga wuƙar masu girkin Turawa, bayan Japan ta buɗe wa cin naman shanu ƙofa a zamanin Sarki Meiji, wanda shi kansa ya ci naman a 1872. Santoku ta yaɗu a gidaje bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta fi gyuto gajarta da faɗi. Nakiri mai kusurwa huɗu ce, ba ta da tsini, ta ganye da kayan miya. Sai ƙaramar da suke kira peti, milimita 120 zuwa 150.

A ganina, mai sayen farko ya ɗauki gyuto mai milimita 210, ko santoku mai 165 zuwa 180 idan hannunsa ƙarami ne ko katakonsa ba shi da faɗi. Yanagiba tana da kyan gani, amma idan ba ɗanyen kifi kake yankawa ba, ajiya kawai za ka saya.

Ƙarfen: nan ne ya kamata ka daɗe

'Yan kasuwa suna yawan cewa wuƙarsu da ƙarfen takobin samurai, mayaƙan Japan na dā, aka yi ta. Ka yi hattara da wannan magana. Ƙarfen takobi shi ne tamahagane, wanda ake narkarwa daga baƙin yashi mai tama da gawayi a cikin murhun yumɓu da ake kira tatara. A Okuizumo da ke lardin Shimane akwai murhun da aka farfaɗo da shi a 1977, yana aiki ne lokacin sanyi. Ana kwana uku ana zuba masa yashi kimanin tan 10 da gawayi kimanin tan 12, sannan a rushe murhun a fito da curin ƙarfe da bai wuce tan 3 ba, kuma ba dukkansa ne mai kyau ba. Abin da aka samu maƙeran takobi ake raba wa. Da wuya ƙwarai ya shiga wuƙar girki. Dangantakar da ke tsakani ta hannun maƙera ce: da gwamnati ta hana yawo da takobi a 1876, da yawa daga cikinsu sun koma ƙera wuƙa da kayan aiki.

Ƙarfen da ake amfani da shi yau daga masana'anta yake fitowa, kuma mafi shahara shi ne na garin Yasugi, a wannan lardi na Shimane, daga kamfanin Hitachi Metals wanda ya koma Proterial a 2023. Sunayen Shirogami da Aogami, wato farar takarda da shuɗiyar takarda, daga launin takardar da ake liƙa wa sandunan ƙarfen suka samo asali. Ƙarfen kansa ba fari ba ne, ba shuɗi ba.

Shirogami ƙarfe ne da kabon kawai, an tace shi daga dattin da ke raunana ƙarfe, irin su farar wuta. Mai lamba 2 yana da kabon kimanin kashi 1.1 cikin ɗari, mai lamba 1 kimanin 1.3, mai lamba 3 kimanin 0.85. Yawan kabon yana ƙara tauri, yana kuma ƙara gautsi. Babu ƙarfen da ya kai Shirogami daɗin wasawa. Minti kaɗan a kan dutse ya ɗauki baki mai tsananin kaifi, kuma hannu yana jin abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa. Aibinsa biyu ne: kaifin ba ya daɗewa kamar na 'yan'uwansa, kuma yana saurin tsatsa. Ka yanka lemun tsami ka ajiye shi ka amsa waya, kafin ka dawo ya fara canza launi. Wajen ƙira ma yana da wuyar sha'ani, domin tazarar zafin da ake tsoma shi a ruwa ƙanƙanuwa ce, shi ya sa ingancinsa ya dogara ƙwarai ga gwanintar maƙerin.

Aogami shi ne Shirogami da aka ƙara wa wasu ƙarafa biyu, tangstin da ɗan kuromiyam. Mai lamba 2 yana da tangstin kashi 1 zuwa 1.5, kuromiyam ɗinsa bai wuce rabin kashi ɗaya ba. Wannan ƙarin yana haifar da ƙananan ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙarfen, waɗanda ke hana baki saurin cinyewa. Don haka ya fi riƙe kaifi, amma ya fi cin lokaci a dutse. Kada ganin kuromiyam ya ruɗe ka, wannan ɗan kaɗan ɗin ba ya hana tsatsa. Aogami Super ya fi kowa a gidan, kabon 1.4 zuwa 1.5, tangstin sama da kashi 2, ga banadiyam. Ana iya kai shi 64 ko 65, kaifinsa yana daɗewa ƙwarai, amma shi ne wanda ba ya yafe kuskuren hannu.

Sai marasa tsatsa. Ƙarfe ba ya shiga wannan aji sai kuromiyam ɗinsa ya kai aƙalla kashi 10.5. Ginsan, wanda ake kuma kira Gingami mai lamba 3, daga Yasugi yake, kabon wajen kashi 1, kuromiyam 13 zuwa 14. Shi ne ya fi kusa da Shirogami wajen daɗin wasawa, kuma shi nake fara ambata wa duk wanda ya san ba shi kaɗai zai riƙa taɓa wuƙar ba. VG10 na kamfanin Takefu Special Steel ne da ke lardin Fukui, kuromiyam kashi 15 da kobalt kimanin 1.5. Ya cika kasuwa, yana da kyau idan maƙeri ya hore shi daidai, sai dai leɓen da yake fitarwa wajen wasawa, wato siririn ƙarfen da ke lanƙwasawa a baki, yana da naci. SG2, ko R2, daga hodar ƙarfe ake curo shi, yana kai 62 zuwa 64, kaifinsa na daɗewa, kuɗinsa na da yawa. AUS-8 na kamfanin Aichi ya fi su taushi da araha, kuma ba abin rainawa ba ne ga mai koyon wasawa.

To wanne za ka ɗauka? Ka amsa wa kanka tambaya ɗaya tsakani da Allah: idan ka gama yanka, kana wanke wuƙa ka goge nan take, ko tana kwana a cikin kwanuka? Idan tana kwana, ko kuma yara da masu taya aiki za su ɗauka, Ginsan ko VG10 ne naka. Idan kai kaɗai ne, kuma kana son koyon dutse, Shirogami 2 ko Aogami 2. Aogami Super da SG2 su jira wuƙa ta biyu.

Yadda aka haɗa ruwan wuƙar

Yawancin wuƙaƙen ba ƙarfe ɗaya ba ne. A masu gefe ɗaya, maƙeri yana ɗora siririn ƙarfe mai tauri, hagane, a kan baƙin ƙarfe mai taushi, jigane, ya barbaɗa hodar haɗi, ya gasa su ya doke har su zama ɗaya. Wannan ita ce ƙirar kasumi, kuma za ka ga layin haɗuwar yana tafiya kusa da baki, sama da shi dishi-dishi, ƙasa da shi yana ƙyalli. Mai taushin yana tallafar mai taurin kada ya karye, yana kuma sauƙaƙa wasawa. A masu gefe biyu ana sanya mai taurin ne a tsakiya, a rufe shi dama da hagu, abin da suke kira sanmai. A nan akwai haɗin da nake ganin ya fi dacewa da mafi yawan mutane: Aogami ko Shirogami a tsakiya, marar tsatsa a waje. Ɗan siririn layin baki ne kawai zai buƙaci kulawa.

Honyaki ita ce ta ƙarfe ɗaya zalla. Ana shafa wa doronta yumɓu kafin a tsoma ta, don baki ya taurara, doro ya rage taushi, irin yadda ake yi wa takobi. Da yawa suna tsagewa wajen tsomawar, shi ya sa take da tsada sosai. Wasa ta aiki ne, faɗuwa ɗaya kuma tana iya raba ta biyu. Ba ta mai farawa ba ce.

Zanen igiyar ruwa da ake kira Damaskas ado ne a rigar waje, ba ya ƙara kaifi ko kaɗan. Haka baƙin da ake bari daga wuta, kurouchi, da tabon guduma. Ka saye su idan sun burge ka, amma ka san kuɗin ado ka biya.

Mariƙin gargajiya na wani icen Japan ne da ake kira ho, fari marar nauyi, da zoben ƙahon ɓauna a wuya. Ana gasa wutsiyar ƙarfen ne a cusa ta ciki, babu ƙusa, don haka idan ya lalace ana fitar da shi a sa sabo. Mai kusurwa takwas ya dace da kowane hannu, mai tudu ta gefe ɗaya kuwa yana da na dama da na hagu.

Kafin ka miƙa kuɗi

Mai sayarwa na gaskiya zai faɗa maka sunan ƙarfen, da taurinsa, da garin da aka ƙera. Garuruwan sanannu ne: Sakai kusa da Osaka, Seki a Gifu, Sanjo a Niigata, Echizen a Fukui, Tosa a Kochi. Sakai ta yi suna tun ƙarni na 16 da wuƙar yanka taba, bayan 'yan Fotugal sun kawo tabar, kuma har yau aikin a rabe yake a can: maƙeri daban, mai fitar da baki daban, mai sa mariƙi daban. Saboda haka sunan da aka sassaƙa a jikin wuƙa sau da yawa na shagon ne, ba na maƙerin ba, kuma wannan ba ha'inci ba ne. Ha'incin yana wurin wanda ya rubuta “ƙarfen Japan” kawai babu suna, ko ya tallata Damaskas mai ninki 67 a kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Irin wannan zanen galibi buga shi aka yi a sama.

Idan wuƙar tana hannunka, juya doronta sama ka hango ta daga mariƙi zuwa tsini, ka tabbata a miƙe take. Kafa bakinta a kan katako ka gangara da ita a hankali, kada haske ya ɓullo ta wani wuri a tsakiya, domin wurin ba zai taɓa raba ganye ba. Sannan ka dube ta daga gindi, inda za ka ga yadda kaurin ya sauko daga doro zuwa baki. Sirantar da ke bayan bakin ita ke sa wuƙa ta ratsa karas shiru ba ta fasa shi ba, kuma ta fi sunan ƙarfe tasiri a aikin yau da kullum. Duba wuyan mariƙi, idan akwai rami ruwa zai shiga ya ci ƙarfen daga ciki. A toshe shi da kakin zuma.

Wanda ya samu zuwa Japan, titin Kappabashi a Tokyo da Doguyasuji a Osaka cike suke da shagunan. A sa ta a babbar jaka, ba ta hannu ba.

Kuma kada ka kashe kuɗinka duka a wuƙa. Ware na dutse tun farko.

Wasawa

Abubuwa uku ne ba za su taɓa wannan wuƙa ba. Na farko injin mai wasa wuƙa na bakin kasuwa. Ana gama horon irin wannan ƙarfe ne a zafin da bai wuce digiri 150 zuwa 200 na ma'aunin Salshiyas ba, busasshen dutsen inji kuwa yana wuce haka a siririn baki cikin ƙiftawar ido. Tartsatsin nan da kake gani taurin da ka saya ne yake tafiya. Na biyu goga ta a siminti ko bayan turmi. Na uku sandar ƙarfe mai zane-zane ta mahauta, wadda aka yi don miƙar da baki mai taushi, mai tauri kuwa ɓantare shi take yi.

Dutsen ruwa ake amfani da shi, kuma lamba ce ke nuna laushinsa. Mai 220 zuwa 400 na gyaran giɓi ne, mai 1000 shi ne na kullum, mai 3000 zuwa 6000 na gamawa. Mai 1000 kaɗai ya isa ka fara. Duwatsun King, Shapton, Naniwa da Suehiro duk sanannu ne. Wasu ana jiƙa su minti 10 zuwa 15 har kumfa ta daina tashi, wasu yayyafi kawai suke so, sai ka karanta kwalin.

Shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗora dutsen a kai ta tsawonsa yana fuskantarka. Ɗauki alƙalamin maka ka shafe ɗan siririn gangaren bakin da baƙi, gefe da gefe. Wannan tawadar ita ce malamarka. Riƙe mariƙi da hannun dama, babban yatsa a kan gindin ruwan, manuni a kan doro, bakin yana kallonka, wuƙar a gicciye kan dutsen. Ɗaga doron sama kimanin santimita ɗaya, kaurin ƙaramin yatsa, wanda a gyuto zai ba ka digiri 12 zuwa 15. Ɗora yatsu biyu ko uku na hagu daf da bakin, daidai wurin da kake son ya ci. Tura gaba da ɗan nauyi, ka dawo a sake. Bayan turi biyar ka ɗaga ka duba. Idan tawadar ta goge a sama ta rage a can bakin, ka kwantar da yawa, ƙara ɗagawa. Idan bakin kaɗai ya goge, ka ɗaga da yawa. Idan ta goge gaba ɗaya, ka samu, sai ka kulle wuyan hannunka a haka, motsin ya riƙa fitowa daga kafaɗa da gwiwar hannu.

Riƙe kusurwa ɗaya ya fi samun lambar daidai muhimmanci. Wanda ya tsaya a 17 bai motsa ba zai fi wanda ke lilo tsakanin 12 da 15 samun kaifi.

Ka bi bakin kashi-kashi daga gindi zuwa tsini, kana matsar da yatsun hagu. Idan ka iso inda ya lanƙwasa zuwa tsini, ɗaga mariƙin kaɗan don wurin ya taɓa dutse. Baƙar lakar da ke taruwa kada ka wanke ta, ita ma tana ci. Ɗiga ruwa kawai idan ka ji ya fara bushewa.

Yaushe za ka juya? Sai leɓe ya fito. Idan dutse ya cinye gangaren har ƙarshe, wani ɗan siririn ƙarfe yana lanƙwasawa zuwa ɗaya gefen, Japanawa suna ce masa kaeri. Shafa babban yatsa daga doro zuwa baki, ya wuce ta kansa, kada ka taɓa bin tsawon bakin. Za ka ji wani ɗan kaushi yana kama fatar yatsa. Dole ka ji shi tun daga gindi har tsini babu inda ya yanke. Mafi yawan masu cewa sun wasa wuƙa ba ta yi kaifi ba, a nan suka yi gaggawa. Idan ya fito ko'ina, juya wuƙar bakin ya kalli gaba, yanzu nauyin yana wajen jawowa. Yi kamar yadda ka yi har leɓen ya koma gefen farko.

Saura cire shi, kuma wannan rabin aikin ne. Rage nauyi sosai, ka riƙa shafawa sau ɗaya nan, sau ɗaya can, kana ƙara sassautawa har nauyin wuƙar kaɗai ya rage. Idan kana da dutsen gamawa, maimaita a kansa da hannu marar nauyi. Daga nan shimfiɗa tsohuwar jarida ko fata, ka ja wuƙar doro a gaba sau kaɗan kowane gefe. Gwada ta a nunannen tumatir. Idan ta kama fatar ta shige ba dannawa, ta yi. Idan ta yi kaifi yanzu, ta mutu bayan albasa biyu, leɓen ne bai fita ba, koma kan matakin cire shi. Ga nama da tumatir ban ga amfanin wuce 3000 ba, ɗan kaushin da ya rage shi ke kama fata.

Mai gefe ɗaya dabam take. Ba ka neman kusurwa, faffaɗan gangaren gaba kake kwantarwa a kan dutse, ka danna ta sama don cin mai taushin, sannan ta ƙasa don cin mai taurin, har leɓe ya fito. Bayan kuma a kwance ɗam ake ɗora shi, a kan dutsen gamawa kaɗai, shafa kaɗan. Wanda ya kai bayan kan dutse mai kaushi zai cinye kwarmin, kuma maido da shi sai gwani.

Dutsen ma yana lotsawa a tsakiya, lotsattsen dutse kuwa ba ya ba da miƙaƙƙen baki. Bayan wasawa biyu ko uku, zana masa layuka da fensir, ka goga shi a kan farantin daimon, ko jiƙaƙƙiyar samfefa da aka shimfiɗa a kan gilashi, har layukan su ɓace duka. A shanya shi a inuwa, rana tana tsaga shi.

Zaman yau da kullum

Katakon yanka ya zama na ice mai ɗan taushi ko roba. Tire, tayil, gilashi da faranti suna kashe baki nan da nan. Idan za ka tattara abin da ka yanka, juya ka kwasa da doro. Ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefe kana gogewa tsakanin aiki, musamman bayan albasa, tumatir da lemun tsami. Da ka gama, wanke da soso mai laushi da sabulu, goge ta ƙaƙas, ka bar ta ta sha iska kafin ta shiga kube. Kuben fata yana riƙe danshi, na ice ya fi.

Sabuwar wuƙar kabon tana iya baƙanta albasa ta bar mata ƙanshin ƙarfe a kwanakin farko. Fara da nama, cikin ɗan lokaci za ta yi wani launi toka-toka mai ratsin shuɗi. Wannan ba tsatsa ba ne, kariya ce, kada ka kankare. Jan tsatsa mai kaushi shi ne abokin gaba. Da ka gan shi, ɗauki gindin karas ko toton kwalba, dangwali garin wanke tukwane ko tankaɗaɗɗiyar toka, ka goge wuƙar tana kwance a kan katako, kana bin tsawonta.

Da damina, ko ga mazauna kusa da teku, wuƙar da za ta yi kwanaki ba a taɓa ba tana son a shafa mata mai kaɗan. Japanawa man tsubaki suke sawa, wanda ake matsewa daga ƙwayar itacen kameliya. Farin man likwid farafin na kemis, wanda ake sha, yana yin aikin, ban da kananzir. Man gyaɗa na kwana ɗaya ko biyu ne, idan ya daɗe danƙo yake yi ya yi wari. Da hunturu kuma mariƙin ne abin dubawa, domin icen da ya zo daga ƙasa mai danshi yana ƙanƙancewa har ya yi sako-sako ko zoben ya tsage. Shafa masa man ko kakin zuma. Idan ya saki, riƙe wuƙar a tsaye ka ƙwanƙwasa gindin mariƙin da guntun ice, ruwan zai koma ciki.

Giɓi kuma zai zo ko ba daɗe ko ba jima. Idan ƙarami ne wanda farce kawai ke ji, bar shi, wasawa biyu ko uku za su share shi. Idan ido yana ganinsa, koma dutse mai 220 ko 400, ka ɗaga doro sama sosai, ka ci bakin gaba ɗayansa daga gindi zuwa tsini har ya sauko daidai da zurfin giɓin. Kada ka tsaya a wurin kaɗai, rami za ka yi. Tun da bakin ya hau zuwa inda ƙarfen ya fi kauri, sai ka kwantar da wuƙar kusan ɗam ka rage kaurin da ke bayansa ta kowane gefe, sannan ka dawo kan mai 1000 ka fitar da sabon baki. Idan giɓin ya maimaitu ba tare da ta gamu da ƙashi ba, bakin ya yi wa aikinka siranta: a ƙarshen wasawa ƙara ɗaga doron kaɗan, ka shafa sau uku ko huɗu kowane gefe a kan dutsen gamawa, don can ƙarshen bakin ya ɗan yi kauri.